Wasan Yara, In Ji Wa?

Kashi biyu ne na mutane suke raina abin da zan kare a nan, kuma abin dariyar shi ne ba su taɓa shan inuwa ɗaya a kan komai ba sai a kan wannan. Kashi na farko suna cikin ƙungiyarmu: masu yawo da littafi a hammata, waɗanda in ka ce musu ka yi sati uku kana wani wasa a salula sai su dube ka kamar ka ce ka sayar da gonar gado. A wurinsu duk abin da ake latsawa da babban yatsa wasan yara ne, bai cancanci shafi ko ɗaya ba a ɗan littafin da muke tara dala-dala muna kaiwa fotokopi. Kashi na biyu ƴan fadarmu ne, gwanayen PES da FIFA, waɗanda suka leƙa salulata sau ɗaya suka tuntsire da dariya: wai mene ne wannan, mutum kamar ƙwayar wake, ba hanci ba baki? Na farkon sun ce abin zamani ne, na biyun sun ce ya tsufa. A cikinsu ba wanda ya zauna da shi ko na awa ɗaya. To ni na zauna, tun daga ɗakin sarki har gadon dodo, kuma ga abin da na fito da shi: wasan nan rubutu ne, marubuci ne ya gina shi, kuma yana tona mana asiri mu da muke kiran kanmu marubuta.

Sunansa Dragon Quest. Ya fito a Japan ran 27 ga Mayu 1986, a kan wata ƴar na'ura ta Nintendo mai suna Famicom, wadda ake jona wa talabijin. Kamfanin Enix ne ya fitar da shi. Wanda ya zana dodannin shi ne Akira Toriyama, mai Dragon Ball, wanda ya rasu a watan Maris 2024. Ƴan fadar da ke yi mini dariya sun san Goku fiye da sunan kakan kakansu, amma ba su gane hannun ba. Kiɗan na Koichi Sugiyama ne. Wanda ya tsara labarin da dokokin wasan kuwa, Yuji Horii, adabi ya karanta a jami'ar Waseda, kuma rubuce-rubucen mujalla yake yi kafin ya shiga wannan harka. Ku riƙe wannan, masu littafi a hammata. Ɗan uwanku ne.

A 1989 aka fassara shi da Ingilishi aka sayar a Amurka da sunan Dragon Warrior, kuma wannan ne ya zo hannuna, ta hanyar da kusan komai ke zuwa Ɗan Barto: ya ƙetaro ta Kwangwalam a salular wani ɗalibi da ke karatu a Kano, tare da wata ƴar manhaja mai kwaikwayon tsohuwar na'urar. Kafin in ƙifta ido ya tura mini shi. Ba ya cin forfe, ba ya neman intanet.

Ga wanda bai san irin wasannin nan ba: ba na gudu da harbi ba ne. Kai kake shiga rigar jarumin. Ka raɗa masa suna, ka bi gari-gari, ka tambayi mutane, ka sayi kaya, ka yi faɗa, ƙarfinka na ƙaruwa sannu a hankali. Faɗan ma bi-da-bi ne kamar dara: ka zaɓi abin da za ka yi, dodo ya yi nasa, rubutu ya gaya maka yadda ta kaya. Da farko sarki zai ba ka zinariya 120, da bakin wuta na shiga kogo, da mabuɗi ɗaya tak, ya ce je ka ceci ƙasa. Ka je kasuwa ka tarar gora 10 ce, kulki 60, takobin jan ƙarfe 180, riga 20, rigar fata 70, ƙaramar garkuwa 90, ganyen magani 24. Kuɗin ba za su kai ba, kuma da gangan aka yi haka. Ko ka sayi abin duka ka tafi kusan tsirara, ko ka rufe jiki ka riƙe gora. Duk wanda aka taɓa ba jikka biyu aka aika shi kasuwar Mai'aduwa da saƙon mutum biyar ya san wannan lissafin tun kafin ya ga wasan.

Amma abin da ya kama ni shi ne taku na farko bayan ka fito daga gidan sarki. Ga fadar dodon nan da za ka je kashewa a ƙarshe, kana ganinta, ruwa ne kawai a tsakaninku, babu gada. Ba wanda ya yi maka dogon jawabi a kan nisan tafiya ko girman abin da ke gabanka. An ajiye maka shi a gaban ido, an hana ka. Duk sauran wasan neman hanyar ƙetara wannan ɗan ruwa ne. Mu da muka ga watan Agusta na 2023, lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulki, Nijeriya ta yanke wuta, manyan motoci suka yi jerin gwano ba gaba ba baya, ƴar uwarka na aure a tsallake kana iya ganin hayaƙin girkinta amma sai ka zagaya ta gonaki, ba sai an fassara mana wannan hoton ba. A cikin gajerun labarai nawa na ƙungiyarmu aka taɓa buɗe labari da abu ɗaya da zai riƙe mai karatu har ƙarshe haka? Mu da me muke buɗewa? Rana ta fito, tsuntsaye na kuka, iska mai daɗi na kaɗawa. Kullum iskar nan tana kaɗawa, ko a watan bazara.

Sannan wasan ba ya riƙe maka hannu. Babu kibiya mai nuna hanya. In kana son sanin inda za ka, sai ka tsaya gaban kowane mutum a kowane gari ka yi masa magana, kuma kowa jimla ɗaya ko biyu gare shi. Wannan ya ce maka akwai kabari a wani gari na arewa. Wancan ya ce ana sayar da mabuɗai a wani tsibiri. Wata ta ambaci ruwan sama da rana. Ba wanda ya san duka. Kai za ka haɗa, ka gane cewa sai ka tara abubuwa uku kafin a ba ka ɗigon da zai gina gadar. Dole ta sa na buɗe kaye na musamman, ina rubuta wane ya ce me a wane gari, ga ƙamus a gefe, don Ingilishin nasu ma irin na dā ne, na fada, ba wanda muka koya a kolej ba. Ku gaya mini, in wannan ba karatu ba ne, mene ne? Karatu ne ma mai hukunci. Littafi in ka tsallake shafi ba ya cizon ka. Nan in ka karanta da rabin ido ka ƙetare gadar da ba ka isa ƙetarewa ba, dodo zai kashe ka, ka farka gaban sarki yana yi maka faɗa, rabin kuɗinka sun tafi. Ban taɓa karanta jimlar wani harshe da natsuwar da na karanta waɗannan ba.

Yanzu ga inda nake son mu daɗe. Dukan wasan na asali, da taswirarsa, da garuruwansa, da dodanninsa, da kiɗansa, da dokokinsa, da kowace kalma da ke bakin kowane mutum, a cikin kilobait 64 aka cusa shi. Wato wurin da zai ɗauki haruffa kusan dubu 65. Hoto ɗaya da kake ɗauka da salula ranar sallah, wanda ka lumshe ido a ciki ka goge, ya ninka shi sau 30. Wurin ya yi ƙaranci har Horii bai iya sa dukan haruffan katakana ba, ɗaya daga cikin rubutun Japan mai haruffa 46 na asali. Ya zaɓi 20 kawai, ya ƙera sunayen garuruwa da dodanni da su. Ka ƙaddara an ce maka ka rubuta labari, amma sunayen mutanenka kada su taɓa rabin abacada. A na Japan ɗin ma babu inda wasan ke ajiye maka inda ka tsaya: sai ya ba ka haruffa 20 ka kwafe a takarda, gobe ka mayar masa, in ka kuskure ɗaya aikin jiya ya bi ruwa. Da wannan ƙunci aka yi abin da ya sayu kusan miliyan ɗaya da rabi a Japan.

Mu kuwa me muke cewa a kowane zama? Ba mu da kwamfuta. Ba mu da maɗaba'a. Kuran ba ya zama. Masu buga littafi suna Yamai, ba su san da mu ba. Duk gaskiya ne, ni ma a shagon caji nake barin salulata in biya. Amma ku ɗauko littafinmu na baya ku duba da idon basira. Shafi 24 gare mu, tsadar fotokopi ta hana mu wuce haka, kuma me muka yi da ƙuncin? Mun ƙanƙanta rubutu har sai an sa ido kusa, don kowa ya cusa duk abin da ya rubuta ba tare da ya yanke kalma ɗaya ba. Ƙunci ya koya wa Horii zaɓe. Mu ya koya mana ƙananan haruffa. Matsalarmu ba ƙarancin wuri ba ce, son kalmominmu ne ya yi mana yawa.

Akwai wani gari a wasan da dodanni suka cinye. Ka shiga, ba kowa. Bangaye a rushe, ƙasa ta zama guba, kana taku ana far maka. Ba wanda ya ba ka labarin daren da abin ya faru. Can a wani gari daban wani zai ambaci cewa kakansa ya taɓa riƙe shago a wancan garin, shi ke nan. Jimla ɗaya, sai kangon ya cika da mutane a kanka. Da mu ne da an yi shafi biyar na kuka da kururuwa da hawaye masu zuba kamar ruwan Agusta, mai karatu ya gama bai ji komai ba.

Na san abin da za a ce, don an riga an ce: kayan baƙi ne, al'adar wasu ce, ga dodanni ga tsafi. Haba jama'a. Wa ya rubuta Ruwan Bagaja? Abubakar Imam, a gasar da aka yi a Zariya a 1933, kuma labarin mene ne in ba mutum ya bar gida ya bi duniya neman ruwan magani, ya haɗu da aljanu, ya dawo ba? Ganɗoki na Bello Kagara a ƙasar aljanu ya yi wasu yaƙe-yaƙensa. Magana Jari Ce cike take da labaran da Imam ya ɗebo daga Larabawa da Turawa ya sa musu babbar riga. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa daga wani jarumin tatsuniyar Rasha aka samo shi. Waɗannan su ne littattafan da kuke rantsuwa da su. Shi kansa Horii daga wasannin Amurka biyu, Wizardry da Ultima, ya ɗauki tubalinsa, ya sauƙaƙa su yadda yaron Japan zai iya. Aro ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne ka yi shekara da shekaru kana karɓa ba ka taɓa mayar da ko ƙwarya ba.

Kuma wane baƙunta ake faɗi? Ku saurari wannan. Baƙo ya taso daga gabas. Ya tsaya a Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa. Ya iso gari da dare, ya sauka gidan wata tsohuwa, ya nemi ruwa, ta ce ba a ɗiba sai ran Juma'a saboda macijin da ke rijiya. Ya je, ya sare kan macijin, ya ɓoye. Gari ya waye, sarauniya ta yi alkawarin rabin gari ga wanda ya yi aikin, maƙaryata suka taso, shi kuwa ya fito da kan. Ya ƙi rabin garin, ya nemi aurenta. Wannan Bayajida ne da Ayana da Kusugu da Daurama, kuma rijiyar tana nan a Daura, inda ɗan kabu-kabu zai kai ka ya dawo da kai ka iske tuwon rana. Tarihi ne ko almara, wannan rigimar malaman tarihi ce. Abin da na gani shi ne: ga makami da ake samu a wani gari, ga mai ba da labari a bakin hanya, ga dodo mai tsare abin da jama'a ke buƙata, ga shaidar da za ka nuna. Ginin wasan ke nan daidai. Har rabin garin yana ciki: a ƙarshen Dragon Quest, kafin a gwabza, dodon zai yi maka tayin rabin duniya in ka bi shi. Bambancin shi ne a tatsuniya an riga an amsa maka, a wasan kuwa yatsanka ne a kan amsar. Na tsaya na ɗan lokaci, wallahi, bayan sati uku na wahala, kafin in ce a'a. Wannan ɗan tsayawar babu littafin da ya taɓa ba ni ita, kuma marubucin da bai damu ya san yadda ake ƙera ta ba, ban san me ya dama da shi ba.

Ba ina cewa wasan ba shi da aibi ba. Akwai sa'o'i da ba abin da kake yi sai zagaye a fili kana kashe ƙananan dodanni don tara kuɗi, kamar mai surfe. Gimbiyar da ke ciki kuma abin tausayi ce: an sace ta, ka ɗauko ta a hannu kamar buhu, in ta yi maka tambaya ka ce a'a sai ta maimaita har ka ce i. Ita ke nan rawarta. A nan mun fi su kaya nesa ba kusa ba. Daura mata ne suka mulke ta kafin baƙon ya iso. Me zai hana mai wasa ya shiga rigar Daurama, ita da ke da gari mai ƙishirwa da fadawa maƙaryata da baƙon da ba ta san asalinsa ba? Ko rigar yarinyar da ke jiran Juma'a da tulu? Ga Tanimun na Damagaram da ganuwarsa da igwoyinsa, wanda André Salifou ya riga ya kai dandalin wasan kwaikwayo. Ga Sarauniya Mangu a Lugu a 1899, wadda Abdoulaye Mamani ya yi wa littafi, Med Hondo ya yi wa fim a 1986, shekarar da Dragon Quest ya fito. Kaya jibge, ba mai ɗauka.

Maganar ɓata lokaci kuma, na yarda ya ci lokaci, kuma wanda ke da bak a gabansa ya bari sai hutu. Amma kada mu yi wa juna ƙarya. Awa nawa fada ke ci kullum, daga shayi na fari zuwa na uku? Forfe nawa TikTok ke haɗiyewa? Samari nawa muka sani da kuɗin ruwa-ruwansu ke ƙarewa a cacar ƙwallo? Ba wanda ya kawo wannan a zaman ƙungiya. Kuma ga abin da gwanayen sabbin wasanni ba su lura da shi ba: tsohon wasan nan yana da ƙarshe. Ka kashe dodon, sarki ya miƙa maka gadon mulki, jarumin ya ƙi ya kama hanya, sunayen waɗanda suka yi aikin su wuce, ya sallame ka. Ba ya aiko maka saƙo da tsakar dare, ba ya ce ka sayi lu'ulu'u. Yawancin abin da ke cikin salulolinmu yau an gina su ne don kada su ƙare. Wanne ne ya fi kama da littafi?

A watan Maris 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasar Nijar. Mun yi murna, wasunmu har waƙa suka rubuta. To harshen ƙasa me za a zuba a cikinsa? Ƙanenmu da ke kolej ba sa karanta littafinmu, mu faɗi gaskiya, iyayenmu ma don kara suke karɓa. Salula suke riƙe, kuma a cikin wasannin da ke yawo a salulolin garin nan babu ɗaya da ke yi musu magana da Hausa. A Yawunde, Olivier Madiba da abokansa na Kiro'o Games sun fitar da Aurion a 2016, wasan jarumi da suka gina daga al'adun Afirka, kuma su ma da yankewar wuta suka yi fama. Ban ce gobe mu zama su ba. Na ce kashin farko na aikin, wanda ya fi wuya, ba ya buƙatar kwamfuta ko kaɗan. Bik da kaye yake buƙata, kuma aikinmu ne.

Don haka ga abin da nake nema daga ƙungiya: shafi huɗu a littafi na gaba. Ɗaya na taswira, daga Gaya zuwa Daura. Uku na bakin mutane 30 da matafiyi zai tarar a hanya, kowa kada ya wuce kalma 15, kada kowa ya san duka labarin, biyu daga cikinsu su zama maƙaryata. In mun gama mu ba wani ɗan aji uku da bai halarci zamanmu ba, mu yi shiru, mu ga ko zai iya gane inda wuƙar take da ranar da zai je Kusugu da wanda bai kamata ya yarda da shi ba. Ni na ɗauki bakin Ayana da na babban maƙerin Gaya. Saura mutum 28.